Ƙara Daga Bayan Kanta: Nazarin Shari'ar Hirsi Jamaa da Gwamnatin Italiya

Ranar 6 ga Mayu, 2009, jiragen ruwan gwamnatin Italiya guda uku suka tare wasu kwale-kwale uku a tekun Bahar Rum, kimanin kilomita 65 kudu da tsibirin Lamfedusa. Mutanen da ke ciki sun kai 200, har da mata da yara, kuma daga gaɓar Libiya suka taso. Aka kwashe su aka zuba a jiragen Italiya. Wanda ya kwana a kan ruwa yana jiran ajali, in ya hango jirgi ɗauke da tutar ƙasar da ya nufa, ba abin da zai raya a ransa sai cewa wahala ta zo ƙarshe. Ba wanda ya gaya musu inda aka dosa. Ba wanda ya tambayi sunan kowa, ko ƙasarsa, ko abin da ya raba shi da gida. An dai karɓe musu kaya, har da takardun shaida. Bayan tafiyar awa goma, jiragen suka tsaya a tashar ruwan Turabulus, inda jami'an Libiya ke jira.

Allah ya sa akwai 'yan jaridar mujallar Paris Match ta Faransa a cikin ɗaya daga jiragen, kuma hotunan da suka ɗauka sun yi yawo a duniya. A ciki ana ganin magidanci durƙushe, ya riƙe hannun jami'in Italiya mai sanye da safar hannu, yana roƙon kada a sauke shi. An sauke shi, an sauke sauran.

Washegari ministan cikin gida na Italiya, Roberto Maroni, ya tara 'yan jarida ya ce an buɗe sabon babi a yaƙi da shigowar baƙin haure, albarkacin yarjejeniyar da suka ƙulla da Libiya. Ranar 25 ga watan ya shaida wa majalisar dattawan ƙasarsa cewa tsakanin 6 da 10 ga Mayu kaɗai an mayar da mutum fiye da 471. Kafin shekarar ta ƙare, sau tara aka yi irin wannan tasa ƙeya a tsakiyar teku. Yarjejeniyar da yake magana a kai ta samo ƙarfinta ne daga wadda Silvio Berlusconi da Mu'ammar Gaddafi suka sa wa hannu a Bangazi ranar 30 ga Agusta, 2008: Italiya za ta biya dala biliyan 5 cikin shekara 20 a matsayin diyyar mulkin mallaka, Libiya kuma za ta taya ta toshe hanyar teku.

Libiyar da aka mayar da su ba ta taɓa sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta Janiba ta 1951 ba, kuma ba ta da dokar ba da mafaka ko guda. Wanda ya shiga ba takarda mai laifi ne, ko yaƙi ya koro shi ko neman abinci ya fito. Gidajen tsare baƙi na Misrata da Zilitin da Kufra da Sabha sun yi ƙaurin suna wajen duka da cunkoso da cin zarafin mata. Ga ɗan Eritiriya kuwa, tsoron bai tsaya nan ba. A watan Agusta na 2004 Libiya ta loda 'yan Eritiriya sama da 70 a jirgin sama za ta kai su Asmara, sai da wasu daga cikinsu suka tilasta wa matuƙin sauka a Khartum, don sun san abin da ke jiran wanda ya gudu daga aikin sojan dole. Somaliya ma, a makon da aka tare kwale-kwalen nan ne Al-Shabab ta ƙaddamar da sabon farmaki a Mogadishu.

Dangwalen yatsa

Kwana ashirin bayan faruwar abin, ranar 26 ga Mayu, 2009, aka shigar da ƙara a Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke birnin Strasbourg na Faransa, da sunan 'yan Somaliya 11 da 'yan Eritiriya 13. Sunan na farko a jerin, Hirsi Jamaa, shi ya zama sunan shari'ar. A ganina wannan kwana ashirin ɗin ya fi duk abin da ya biyo baya muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa in ana ba da labarin.

Kotun ba ta Turawa kaɗai ba ce. Duk wanda wata ƙasa daga cikin waɗanda suka sa hannu a yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta tauye wa haƙƙi alhali yana ƙarƙashin ikon wannan ƙasa, yana iya kai ƙara, ko ɗan ina ne. Amma ƙara ba ta shigar da kanta. Lauya ba ya tsayawa gaban alƙali da sunan "mutum ɗari biyu da aka zalunta". Sai ya kawo sunan wane, da takardar da wane ya ce na wakilta ka. Su kuwa waɗannan bayin Allah an rarraba su a gidajen tsaro na ƙasar da ba ta son a leƙa mata asiri, an karɓe musu shaidar ko su wane ne, ita kuma Italiya ba ta rubuta sunan kowa ba balle a tambaye ta.

Ƙungiyar CIR, wato majalisar kula da 'yan gudun hijira ta Italiya, wadda ba ta gwamnati ba ce, tana da ma'aikata a Libiya a lokacin. Ita ta bi sawu ta gano wasu daga cikin mutanen, ta haɗa su da lauyoyi biyu na birnin Roma, Anton Giulio Lana da Andrea Saccucci, 'yan wata ƙungiyar lauyoyi masu kare haƙƙin ɗan Adam. Ma'aikatan agaji da ke shiga gidajen tsaron su suka rubuta takardun wakilci, kowane mai ƙara ya sa hannu ya dangwala yatsa, aka aika Roma. Cikin mutum kusan 200, an samu 24. Sauran sama da 170 an yi musu abin da aka yi wa waɗannan, a tafiya ɗaya, a rana ɗaya, amma a idon kotu kamar ba su taɓa hawa ruwan ba, don ba wanda ya kai gare su da biro da takarda.

Lauyoyin gwamnatin Italiya sun san inda rauni yake, can suka fara kai sara. Suka ce takardun ba su da kwanan wata, ba a rubuta wurin da aka sa hannu ba, ba lambar fasfo ko ta wata shaida, zanen yatsun ma rabi-rabi ne, ba ya karantuwa. A taƙaice, wa ya san ko mutanen nan suna nan, ko sun san ana shari'a da sunansu? Ba soki-burutsu ba ne, domin dabarar ta taɓa ci. A watan Janairu na 2010 kotun ta kori wata ƙara da ake kira ta Hussun, ta wasu baƙi da Italiya ta kora daga Lamfedusa a 2005, saboda shakku kan takardun wakilci da kuma yadda lauyoyi suka rasa inda masu ƙarar suke. Ba a ce ba a zalunce su ba. An ce ba a san inda suke ba, shi ke nan aka rufe fayil.

A wannan karon lauyoyin sun shirya. Sun riƙe hulɗa da mutanensu ta waya da imel, sun riƙa kawo wa kotu labarin halin da kowa ke ciki: wane an sake shi, wane an canza masa gidan tsaro, wane ya tsallaka iyaka. Kotu ta ce dokarta ba ta tsara wani fasali na musamman ga takardar wakilci ba. Rubutu mai sauƙi ya isa, muddin ba a kawo hujjar cewa an yi shi ba da sanin mai shi ko yardarsa ba, kuma Italiya ba ta kawo ba. Da wannan aka buɗe ƙofar sauraron asalin maganar.

Yana da kyau iyayen da 'ya'yansu ke kan hanyar Agadas zuwa Libiya su san wannan. In yaro ya faɗa hannu, abin da dangi suka fi saurin yi shi ne haɗa kuɗin fansa, kuma ba a ga laifinsu ba. Amma abin da lauya ko ma'aikacin agaji zai fara tambaya daban ne: cikakken sunansa kamar yadda yake a takarda, ranar da aka kama shi, sunan gari ko gidan da ake tsare da shi, lambar da ya kira da ita, wa da wa suke tare. Saƙon murya na WhatsApp da aka ajiye ba a goge ba ya kan zama shaida. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, da hukumar kula da ƙaura ta IOM, da ƙungiyar agaji ta Red Cross mai aikin haɗa 'yan uwan da suka ɓace, dukansu da irin waɗannan bayanai suke fara aiki, kuma ba sa karɓar ko sisi. Wanda ya ce a ba shi kuɗi zai sa sunan mutum a jerin su, ɗan damfara ne.

A gaban alƙalai 17

Ganin nauyin maganar, a watan Fabrairu na 2011 ƙaramin zauren kotun ya miƙa shari'ar ga Babban Zaure mai alƙalai 17, aka yi zaman sauraro ranar 22 ga Yuni. A lokacin Libiya ta riga ta kama da wuta, kuma ministan tsaron Italiya ya ce an jingine yarjejeniyar da ke tsakaninsu da Libiya.

Lauyoyin biyu ba su tsaya su kaɗai ba. Kotu ta ba wasu izinin sa baki: UNHCR, wadda wakiliyarta ta yi jawabi a zauren, da ofishin kwamishinar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da Human Rights Watch, da Amnesty International, da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH, da cibiyar AIRE ta Landan, da sashen koyon aikin lauya na Jami'ar Columbia a Amurka. Kowa da abin da ya kawo. Human Rights Watch ta riga ta tattara hirarrakin waɗanda suka zauna a gidajen tsaron Libiya, ta wallafa a Satumbar 2009. Kwamitin hana azabtarwa na Majalisar Turai ya je Italiya a Yulin wannan shekara ya binciki yadda ake tasa ƙeyar. Saboda haka, da aka zo kan tambayar ko Italiya ta san abin da ke faruwa a Libiya, takardu sun riga sun yi tsibi a gaban alƙalai. Mai ƙara da ke tsare a Misrata ba shi da yadda zai tara wannan hujja da kansa.

Italiya ta kafa kariyarta a kan abu uku. Na farko, ta ce aikin ceto ta yi a tekun da ba mallakin kowa ba, ceto kuwa ba ya sa mutum ya shiga ƙarƙashin huruminta. Na biyu, ta ce Libiya wuri ne mai aminci, ga alkawuran da ta ɗauka a rubuce, ga ofishin UNHCR a Turabulus. Na uku, ta ce ba ko mutum ɗaya a cikin jiragen da ya buɗe baki ya ce yana neman mafaka.

Maganar hurumi ita ce uwa. A 1993 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai takwas a kan ɗaya, ta halatta wa gwamnatin ƙasar tare 'yan Haiti a teku ta mayar da su, bisa hujjar cewa dokar hana mayar da ɗan gudun hijira inda zai halaka ba ta aiki a wajen iyakar ƙasa. Shekara da shekaru gwamnatoci na fakewa da wannan hukunci. Da Strasbourg ta bi sahu, da tsakiyar teku ta zama filin da kowace ƙasa za ta yi abin da ta ga dama.

Ranar 23 ga Fabrairu, 2012, ƙarƙashin jagorancin mai shari'a Nicolas Bratza, alƙalan 17 suka yanke hukunci baki ɗaya, ba wanda ya saɓa. Suka ce jiragen na ɗauke da tutar Italiya, ma'aikatansu duka sojojin Italiya ne, kuma daga lokacin da mutanen suka taka jirgin har aka miƙa su a Turabulus suna hannun Italiya, a doka da kuma a zahiri. Sa wa aikin sunan ceto bai canza wannan ba. Kan amincin Libiya, suka ce alkawari a takarda bai isa ba in rahotanni amintattu suna nuna akasinsa, kuma hukumomin Libiya ba su taɓa ɗaukar takardar shaidar da UNHCR ke bayarwa a bakin komai ba. A 2010 ma sai da suka sa aka rufe ofishin. Kan cewa ba wanda ya nemi mafaka kuwa, kotu ta ce nauyin bincike yana wuyan Italiya, ko an roƙa ko ba a roƙa ba. A jiragen babu tafinta, babu lauya, babu jami'in da aka horar don yin tambayoyi, kuma an bar mutanen suna zaton Italiya za a kai su. Mutumin da yake ganin an kusa isa, me zai sa ya fara roƙo a tsakiyar ruwa?

An sami Italiya da laifin saɓa sashe na 3 na yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, mai haramta azabtarwa da wulaƙanci, har sau biyu: jefa su cikin haɗarin cin zarafi a Libiya, da kuma haɗarin Libiya ta mayar da su Eritiriya ko Somaliya. An same ta da saɓa sashe na 13, don ba ta ba su wata hanyar kai kuka kafin a sauke su ba. Italiya ta ce ai suna iya kai ƙara kotunanta daga baya su nemi diyya, kotu ta amsa cewa ƙarar da ba za ta iya dakatar da korar ba kafin a yi ta, ba magani ba ce. Sannan an same ta da laifin korar baƙi a dunƙule, wato ba tare da duba lamarin kowane mutum shi kaɗai ba. Wannan kalar kora ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Dattawan zango suna tuna 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi mako biyu su bar Ghana, haka kuma 'yan Ghana suna tuna abin da Najeriya ta yi musu a 1983. Sabon abu a hukuncin Hirsi shi ne cewa ana iya aikata wannan laifi ko da mutanen ba su taka ƙasarka ba.

Abin da ya kai hannun masu ƙara

Kotu ta yanke wa kowanne diyyar yuro 15,000, ta ce lauyoyi su riƙe amana har su isar. Kuɗin shari'a da aka amince a biya lauyoyin, na aikin kusan shekara uku, yuro 1,575 ne da 'yan kai. Wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna cewa ba don kuɗi aka yi aikin ba, kuma ya nuna dalilin da ya sa irin waɗannan shari'o'i ba su da yawa.

Biyu daga cikin 24 ɗin sun rasu kafin hukunci, aka cire sunayensu daga ƙarar. Goma sha huɗu sun sami takardar shaidar ɗan gudun hijira daga ofishin UNHCR na Turabulus tsakanin Yuni da Oktoba na 2009, wato mutanen da Italiya ta ce baƙin haure ne kawai. Yaƙin 2011 ya tarwatsa su, har ya zama shida kaɗai lauyoyin ke iya samu a lokacin da ake dab da hukunci: ɗaya a sansanin Shusha na Tunisiya, ɗaya a Malta, biyu a Siwizalan suna jiran amsa, ɗaya a Jamhuriyar Binin. Na shidan shi ne labarinsa ya fi taɓa zuciya. Ya sake hawa teku, ya isa Italiya ta ɓarauniyar hanya, kuma a watan Mayu na 2011 kwamitin gwamnatin Italiya da ke Crotone ya amince cewa shi ɗan gudun hijira ne na haƙiƙa. Ƙasar da ta mayar da shi ba tare da ta tambayi sunansa ba, ita ce ta ba shi mafaka bayan shekara biyu, da ta zauna ta saurare shi. Tsakanin nan kuwa ya sha ɗauri, ya kuma sake sayar da ransa a kan ruwa.

Hukuncin bai umarci Italiya ta dawo da kowa ba. Abin da ya ce shi ne ta yi iya ƙoƙarinta ta sami tabbaci daga Libiya cewa ba za a ci zarafinsu ba. Wannan shi ne gurbin da ya fi damuna a hukuncin, domin mutumin da aka hana damar neman mafaka, abin da ya fi buƙata shi ne a mayar masa da damar, ba kuɗi kaɗai ba. Sai a wata shari'a ta daban aka cike gurbin. Wasu 'yan Eritiriya 14 da jirgin sojan ruwan Italiya ya mayar Libiya ranar 1 ga Yuli, 2009, sun kai ƙara kotun farar hula ta Roma da taimakon Amnesty reshen Italiya da ƙungiyar lauyoyin ASGI. A watan Nuwamba na 2019 kotun ta dogara da sashe na 10 na tsarin mulkin Italiya ta ce suna da haƙƙin shiga ƙasar su gabatar da buƙatarsu. A watan Agusta na 2020 biyar daga cikinsu suka sauka a filin jirgin saman Roma da biza a hannu, shekara 11 bayan an tasa ƙeyarsu.

Bayan hukunci

Italiya ta daina ɗaukar mutane a jiragenta tana kai su Turabulus, wannan gaskiya ne, kuma dubban da jiragen Turai suka ceto a shekarun da suka biyo baya an sauke su ne a Turai. A 2016 kaɗai mutum kimanin 181,000 suka isa Italiya ta teku, 'yan Najeriya ne suka fi yawa, sama da 37,000. Da yawansu ba su taɓa jin sunan Hirsi ba, amma sun ci albarkacinsa. Kotunan Italiya ma sun ci gaba da bin wannan layi: a 2021 wata kotu a Napoli ta yanke wa kyaftin ɗin jirgin kasuwanci mai suna Asso 28 ɗaurin shekara ɗaya saboda mayar da mutum 101 Libiya a 2018, kuma kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin a 2024.

Sai dai gwamnatoci ma suna da lauyoyi, kuma sun karanta hukuncin da kyau. Sun ga cewa an kafa shi ne a kan tuta da kuma wanda ke riƙe da mutum. Ranar 2 ga Fabrairu, 2017, firaministan Italiya Paolo Gentiloni da Fayez al-Sarraj na Libiya suka sa hannu a sabuwar yarjejeniya: Italiya za ta ba da jiragen sintiri da horo da kuɗi, dakarun gaɓar tekun Libiya su yi kamun. Kamar maigidan da alƙali ya hana dukan bara ne, sai ya miƙa wa maƙwabci sandar ya koma gefe yana nuni. A tudu ma haka aka yi. Dokar Nijar ta 2015 mai hukunta jigilar 'yan ci-rani, wadda aka fara aiki da ita gadan-gadan a Agadas da goyon bayan Tarayyar Turai, ta matso da shingen har cikin Sahara kafin gwamnatin Janar Tiani ta soke ta a Nuwambar 2023.

An gwada sabon tsarin a kotu, kuma a wannan karon 'yan uwanmu ne masu ƙara. Ranar 6 ga Nuwamba, 2017, wani kwale-kwalen roba mai ɗauke da mutum kusan 150 ya fara nutsewa. Cibiyar ceto ta Roma ce ta karɓi kiran gaggawa ta sanar da jiragen da ke kusa. Jirgin sintirin Libiya mai suna Ras Jadir, wanda Italiya ta miƙa musu watanni kaɗan kafin nan, ya iso, jirgin agaji na Sea-Watch ma ya iso. Aƙalla mutum 20 suka mutu, har da ƙananan yara. Sea-Watch ya tsamo 59 ya kai Italiya, 'yan Libiya suka tafi da 47. Mutum 17, 'yan Najeriya da Ghana, suka kai ƙara Strasbourg a 2018 ta hannun ƙungiyoyin lauyoyi na GLAN da ASGI, da taimakon masu binciken Forensic Oceanography na Landan, waɗanda suka harhaɗa bidiyo da bayanan zirga-zirgar jirage suka nuna abin da ya faru minti bayan minti. A watan Yuni na 2025 kotun ta ƙi sauraron ƙarar. Ba ta musanta halin da ake ciki a Libiya ba. Ta ce dai Italiya ba ta riƙe da mutanen, 'yan Libiya ne suka yi aikin bisa ra'ayin kansu, ba da kuɗi da jirgi kuma bai kai ya zama hurumi ba. Ban gamsu da wannan hukunci ba. Wanda ya sayi jirgi, ya horar da matuƙa, ya buga waya ya faɗi inda mutane suke, alhali ya san gidan da za a kai su, bai kamata doka ta ɗauke shi a matsayin ɗan kallo ba.

Irin abin da Hirsi ya haramta a teku yana faruwa kullum a kan yashi, kusa da mu. Aljeriya tana sauke mutane da manyan motoci a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kilomita 15 zuwa Assamaka a ƙasar Nijar. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara, mai ofis a Agadas, ta ƙirga sama da mutum 30,000 a shekarar 2024, kuma akwai Hausawa da yawa a cikinsu, musamman mata da yara daga yankin Damagaram. Sashe na 12 na yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam ya haramta korar baƙi a dunƙule ƙarara, akwai kuma hukumar da ke karɓar koke a Banjul, wadda ta taɓa samun Angola da Zambiya da wannan laifi. Dokar tana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne lauyoyin da za su je Assamaka su zauna da mutum ya faɗi sunansa ya dangwala yatsa, sannan su riƙe lambarsa shekara uku ko biyar ba ta ɓace ba, da kuma wanda zai ɗauki nauyin wannan doguwar jira.

A ɓangaren teku, lauyoyi sun karkata zuwa wasu ƙofofi. A watan Janairu na 2021 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sami Italiya da laifi kan nutsewar wani jirgi ranar 11 ga Oktoba, 2013, inda mutum sama da 200, galibi 'yan Siriya, suka mutu bayan sun yi ta kiran Roma a waya, alhali jirgin sojan Italiya na kusa. Mutanen ba su taka jirgin Italiya ba, amma kwamitin ya ce ransu ya rataya ne a kan shawarar da Italiya za ta yanke, wannan kuwa ya isa ya ɗora mata alhaki. Matsalar ita ce hukuncin kwamitin ba shi da ƙarfin tilastawa irin na kotun Strasbourg. Ita kuwa yarjejeniyar 2017 an rubuta ta ne yadda za ta sabunta kanta duk shekara uku in ba wanda ya janye, kuma ta sabuntu a 2020, ta sake sabuntuwa a 2023.